Misalan da ƙanena ya bari

Shekarun baya, a Gummi, ni na fara koya wa ƙanena rubuta manhaja a kan tsohuwar kwamfutata. Muna haɗa wata 'yar manhaja ce da za ta riƙa tuna wa makiyayan wajen Bukkuyum lokacin rigakafin shanu. Ni gwajin da nake duba ko manhaja tana aiki daidai, daban nake ajiye shi, haka na koya masa.

Sai abokina ya zo daga Anka ya kwana biyu wurinmu. Ya nuna wa ƙanena wata hanya: a cikin bayanin kowane sashe ka rubuta misali, abin da za ka ba manhajar da amsar da ya kamata ta bayar. Kwamfuta ta karanta misalin ta gwada. In amsa ta saɓa, ta faɗa maka.

Shi ke nan, yaro ya rungumi hanyar. Ya cika bayanansa da shanun Inna: jar nan mai karyayyen ƙaho, da maraƙinta. Bakinsa kuma kullum "malamina ya ce".

"Wane malamin?" na tambaye shi.

"Na Anka mana, Yaya."

Na ce misalan nan surutu ne kawai a tsakiyar aiki. Inna tana tankaɗe ta ce, "Mi ya yi zafi? Kai da ka goya shi, baƙo kake wa kishi?" Na ce ni ba kishi nake ba, na tashi na bar furata.

Da damina ta zagayo, zazzaɓi ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Na daɗe ban buɗe aikin ba, sai da makiyayan suka nemi gyara. Na gyara, na sa gwaji. Kwamfuta ta tsaya a kan maraƙin Inna: ga amsar da ƙanena ya rubuta, ga tawa, sun saɓa. Na sake dubawa. Shi ke da gaskiya. Na zauna ina kallon layin kamar yana bayana yana cewa, "A'a, Yaya."

Abokina ya roƙe ni in tura masa aikin, ya ce yana son ganin hannun yaron. Na tura, amma sai da na ja masa rai.

Har yau muna zumunci, kuma na san bai yi mini komai ba. Sai dai duk abin da na koya wa ƙanena yana nan yana aiki shiru. Wurin da yake yi mini magana, wato misalan nan, wani ne ya koya masa. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yaye mini wannan kishi.