Yaya Umaru da Hotunan Dajin Illo

Bana shekara shida ke nan da muka binne yayana Umaru, malamin daji a Bagudo. Har yau in na bi hanyar Illo a kan babur, na hangi makiyayar da ke dab da iyakar Binin, rigimar da ta raba shi da aikinsa nake tunawa.

Wasu masana ne suka zo daga birni da hotunan tauraron ɗan Adam na shekaru masu yawa. Suka jera su gaban manya, suka ce kore yana raguwa kowace damina, shanu sun cinye dajin. Aka fara shirin hana kiwo. Ardo Bello, shugaban makiyayan wurin, ya ce a nan aka haife shi, ba inda za shi. Manoma kuwa har sun fara nuna inda kowa zai share gona.

Yaya bai yarda ba. Shi ke kewaya dajin a ƙafa kowace kaka, yana auna ciyawa, yana ƙirga itatuwa. A taron ya miƙe ya ce, "Ranka shi daɗe, na'urar da ke ɗaukar hotunan ga ta daɗe a sama. Rana na cin ta, ganinta na dusashewa. Abin da ta gani kore shar bara, bana sai ta gan shi a koɗe, alhali ciyawar na nan. A gwada ta da wata kafin a tashi mutane."

Wani daga baya ya ce Fulani sun saye shi. Ba a yi wata ba aka mayar da Yaya ofis, aka raba shi da daji. Aka tashi rugage, aka yi faɗa tsakanin makiyaya da manoma a bakin rijiya, ɗan Ardo ya rasa ido, Ardo da sauran mutanensa suka tsallaka Binin da shanunsu.

Sai bayan rasuwarsa masanan suka daidaita tsofaffin hotunan da na sabon tauraro. Raguwar akwai ta, amma ba ta kai a kori kowa ba. Ba wanda ya tsallaka ya gaya wa Ardo.

Yanzu kuma an ce sababbin hotuna sun nuna dajin ya farfaɗo, ana so a yanka shi gonaki. Da Yaya yana nan, zai tambayi shekarun wannan na'urar, ya tambayi wanda ya taka ƙasa ya tabbatar.

Bai bar dukiya ba, ba a kuma taɓa ba shi haƙuri ba. Jibi za a zauna kan maganar a Bagudo. Ni malamin firamare ne kawai, amma na sa an rubuta sunana cikin waɗanda za su yi magana.