Takun Dogo

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Dogo ake ce masa, kuma rake ya noma tun tasowarsa, a gonarmu ta bakin rafi. Ni tumatir nake yi a gefensa.

Dogo bai taɓa riƙe igiya ko sandar awo ba. Idan zai ja layin shuka, sai ya buɗe ƙafa ya taka, inda diddigensa ya sauka nan ne layi na gaba. Da yake ƙafar doguwa ce, rakensa na samun iska da rana, kowane gindi ya yi 'ya'ya, gaɓoɓin su yi kauri kamar damtsen yaro. Masu sari kan zo tun bai isa sara ba, manoma kuma su zo neman iri. Yakan yi musu dariya ya ce, "Ku je ku roƙi Allah ƙafa, ba iri ba."

Sai gwiwa ta kama shi. Ba ta kwantar da shi ba, tafiyarsa kawai ta ci. Daga nan raken ya fara sirancewa, ya yi tsawo ba jiki, iska ta taso ya kwanta a kan juna, ɓeraye su samu gida. Dillalin da ya saba ɗauka ya lanƙwasa kara ɗaya ya ce, "Baba, wannan rake ne ko tsintsiya? Masu baro ba za su taɓa shi ba." Dogo ya ce iri ne ya lalace, ya sake iri. Shekara ta zagayo ya ce ƙasa ce ta gaji.

Babban ɗansa direba ne, shi ke ciyar da gidan yanzu. Ya same ni a zaure ya ce, "Baffa, masu buga bulo suna son filin nan haya. In bana ma haka aka yi, zan ba su. Wahalar ta isa."

Ranar da na shiga taya Dogo cire busasshen ganye ne na gane. Da can da kwando a ka nake ratsa layinsa. Ran nan sai da na karkace, ganye na yankar mini wuya. Na fito na tsaya ina kallonsa yana tafe a kan kunya, yana jan ƙafar hagu, takunsa bai kai rabin na da ba.

Muka zauna a gindin mangwaro. Na ce, "Yaya, ba iri ba ne. Takunka ne ya ragu, layin ya matse."

Ya ce, "Kai da tumatir ɗinka za ka koya mini rake?"

Na ce, "Tashi ka ratsa."

Ya tashi ya shiga. Kafaɗarsa ta maƙale tsakanin karare. Ya daɗe a ciki, ina jin motsin ganye kawai. Da ya fito bai dube ni ba, ya ce, "Ashe ƙafata ce take cuta ta."

Raken ya riga ya yi gaɓa, babu gyara a wannan shekarar. Aka sare shi, rabi ya tafi a wulaƙance, rabi aka zuba wa shanu. Na roƙi ɗan ya ƙara masa shekara guda, ya ce ya riga ya ba mutane baki.

Yanzu injin bulo ne ke ƙara a wurin. Dogo ya ja layi biyu na rake a bayan gida, inda ruwan wanke-wanke ke bi. Kafin ya ja layin ya aiko a kira ni, ya miƙo mini gora da wuƙa.

Ya ce, "Kai ka san takuna na da. Yanke mini daidai shi."

Na yanke. Ya gwada da ƙafarsa, takunsa bai kai tsawonta ba, ya jingina gorar a bango ya zauna.