Kunun Iro da Ƙibata

Har gobe ban manta da ranar da Manjo ya ɗora ni a kan kilon awo gaban mata ba. Ku 'yan baya ba ku san Manjo ba, shi ne shugaban ma'aikata a likitar Dakoro, wato asibitin garin, ƴan shekaru bayan samun mulkin kai. Ni kuwa sabuwar ɗauka ce, aikina dama kunun yaran da suka rame.

Aka kawo mana Iro daga Adjekoria, ɗan shekara biyu, an yaye shi ya ƙi komai sai ƙwayar sukari. Manjo ya auna shi ran Litinin, ya ce in bai ƙaru ba zuwa Litinin ta sama, Maradi za a tura shi. Uwar ta hau kuka, don ba ta san kowa can ba.

Dokarmu a lokacin daga littafin Nasara take: kowane yaro da kwanonsa da cokalinsa, a zaunar da shi shi kaɗai. Na dama kunun hatsi da gujiya, ƙamshi har bakin ƙofa. Iro ya dube ni, ya dubi cokali, ya datse baki. Na yi rawa, na yi kukan akuya, a banza. Sai na riƙa sha a gabansa ina lumshe ido, wai ya yi sha'awa. Shi yana kallo, ni ina sha, kullum sai na ga gindin kwano.

Ran Juma'a Manjo ya ga kwano fes, ya yi murna, ya sa yaro a kilo. Ko gezau. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Hadiza, hau mu gani." Na hau, sai ga shi ni ce na ƙaru, mata suka kwashe da dariya. Wallahi na ji kunya, na kuma ji tsoro, don kwana uku suka rage wa yaron.

Da hantsi kakarsa ta iso a kan jaki. Ta ga kwano da cokali, ta riƙe haɓa. Ta juye kunun a ƙwarya, ta tara yaran da uwayensu ke jiran awo, ta zauna ta ba Iro baya. Ta ce, "Ku sha, kada wanda ya sam ma wannan mijin nawa, ba nasa ba ne."

Ai kafin ta rufe baki Iro ya kutsa tsakiya, ya ture wata yarinya, ya tsoma hannu har gwiwa yana lasa yana harararmu. Kakar ta ce mini, "Ke 'yar nan, a gidanmu wa ya taɓa roƙon yaro ya ci? Da wawaso ya saba."

Ran Litinin kilo ya motsa, Iro bai je Maradi ba. Daga nan na koyi tambayar uwa yadda ɗanta yake ci a gida kafin in buɗe littafi. Manjo ya sa aka sayo ƙore huɗu, ni kuma ya hana ni ɗanɗana kunu har ya bar aiki.