Gawayin da Mama Ta Tauna a Kasuwar Italiyawa

Ranar shida ga Janairun 1992, makonni kaɗan bayan gwamnati ta taso daga Legas ta tare a Abuja, na ga mayya da idona, da rana tsaka, mutane suna yi mata tafi. Shekarata tara a lokacin, ina goye da ƙanina Ishaya, wanda bai daɗe da iya magana ba.

A Kurudu muke, lokacin da duk inda ka duba gonar doya ce da dawa. Mama gawayi take ƙonawa ta sayar, ni kuwa aikina ɗebo ruwa a rafi, da korar awaki daga shanya, da rainon Ishaya. Ko carafke zan yi da ƙawayena, yana bayana. 'Ya'ya biyu Mama ta binne kafin ta same shi, shi ya sa ko tari ya yi sai ta ajiye abin da ke hannunta. Babanmu kuku ne a sansanin wasu Italiyawa masu aikin titi, kuma a shekarar suka ce ma'aikata su kawo iyalansu kasuwar da suke ci a fili bayan Kirsimeti.

Ban taɓa ganin kasuwa irin wannan ba. Rumfuna a ƙarƙashin mangwaro, ba ihu, ba ciniki, sai kiɗa da ke tashi a hankali. Ga cuku mai warin da ya fi na daddawa, ga 'yan gumakan Maryamu da jaririnta a jere, ga safa a rataye birjik kamar shanya. Ina cikin kallo sai wata tsohuwa ta ɓullo, hancinta dogo a lanƙwashe, kayanta duk tsumma, da buhu da doguwar tsintsiya. Na ja da baya. Ta zo har gabana ta miƙa wa Ishaya safa. Ya zura hannu ya zaro wani baƙin dunƙule, kafin in juya ya gatsa, bakinsa ya yi baƙi ƙirin.

Mama ba ta yi wata-wata ba, ta caƙumi wuyan rigar tsohuwar. "Sake min ɗa," ta ce. A wurinmu, idan mayya ta kama kurwar yaro, sai an kwantar da shi ta tsallake shi kafin ya tsira. Kiɗa ya tsaya. Baba ya fito daga kicin a guje, ya durƙusa gaban matarsa a cikin mutane, abin da ban taɓa gani ba.

"Maman Ishaya, ki rufa min asiri. Oga ne."

Ashe shugaban sansanin ne da kansa ya yi shigar. Baba, da ya ga aikinsa na shirin tafiya, ya yi mata bayani cewa a ƙasarsu wannan tsohuwa ce ke raba wa yara tsaraba, alewa ga masu jin magana, gawayi ga masu ƙiriniya, kuma gawayin ma na sukari ne. Mama ta ce, "Gawayi sana'ata ce. Ban taɓa jin an ba yaro shi don alheri ba." Ta ɓamɓare ragowar daga hannun Ishaya ta ce, "In mutuwa ce, ta fara da ni." Ta jefa a baki ta tauna.

Na ga lokacin da zaƙin ya ratsa ta, fuskarta ta sake. Amma ba ta saki rigar ba. Baba ya fassara wa oga abin da take nema, kansa a ƙasa. Mutumin ya cire hancin roba, ya daɗe yana kallon Mama, bai yi dariya ba. Na shimfiɗa zanen goyo na kwantar da Ishaya, oga ya tattare siket ɗinsa, ga ƙafafu duk gashi da takalmin aiki, ya tsallake shi. Washegari Baba ya koma aikinsa, ba wanda ya ce masa komai.

Yau wurin ya zama rukunin shaguna, na kasa gane ko inda mangwaron yake. Ishaya ya yi 'ya'ya, Mama ta rasu, kuma duk Kirsimeti sai an ba da labarin nan an yi ta dariya. Ni dai dariyar ba ta yi min nisa, don ni ce a kusa da ita a ranar. Lokacin da ta kai gawayin nan baki, ba ta yarda cewa sukari ne ba.