Kunnen Baba Idris Bature

Cikin shekarun da na yi ina aikin gwajin ji a wani asibiti da ke unguwar Sultana a Madina, akwai wata safiyar Laraba da har yau ba ta fita raina ba. Ranar aka shigo mini da wani dattijo ɗan Ingila da ya musulunta, ana ce masa Idris. Ziyara ya zo Madina. Kukansa shi ne yakan tsaya a sahu, amma karatun liman ba ya iso masa sai kamar gunaguni.

Mukan zaunar da mutum a ɗakin da ƙara ba ta shiga, mu sa masa abin sauraro, ya danna maɓalli duk lokacin da ya ji sauti. Siraran sautuka duk sun kuɓuce masa. Na tambaye shi ko a masana'anta ya yi aiki.

Ya yi murmushi. Ashe a da shi ne mai daidaita sauti na wasu mawaƙan rok na ƙasarsu, masu kiɗan nan na Turawa mai tsananin ƙara. Tun suna 'yan makaranta suka fara, suka ƙi yin irin kiɗan da gidajen rediyo ke so. Nasu jita ce mai kuka da waƙoƙin kaɗaici. Daga baya suka riƙa cika filayen ƙwallo, kuma ko bayan sun watse, na bayansu ba su daina kwaikwayonsu ba. Da ya faɗi sunansu sai na ajiye biro. Kasetinsu ne ya zame mini abokin zama a Zariya, shekarar da mahaifina ya rasu.

Ya ce, "Likita, a banza na kashe kunnena, ko?"

Na ce, "Baba, ni ba malami ba ne. Amma akwai ɗalibin da aikinka ya ɗebe wa kewa, ga shi a gabanka."

A ƙa'ida sai an ɗauki awon ramin kunne sannan a yi odar na'urar ƙara ji, shi kuwa jibi zai tashi. Na je wurin shugabar sashenmu, Dakta Hawwa, haifaffiyar Madina, jikar Katsinawa. Ta saurare ni, ta ce, "Khalas, shi ke nan, ba shi na'urarmu ta gwaji. In ya isa gida ya aiko da ita."

Washegari ya dawo daga sallar Asuba, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Na ji Fatiha tun daga farko har ƙarshe. Har numfashin liman na ji."

Tun ranar nake gaya wa sababbin ma'aikata cewa sakamakon gwaji abin da kunne ya rasa kawai yake nunawa. Abin da mutum ke marmarin sake ji kuwa, sai ka tambaye shi.