Ranar da Maɗaci Ya Sayi Gwaba

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana sayar da maganin gargajiya a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran takalmi da mai kayan marmari. Kantocinsa cike da kwalabe, saiwoyi rataye a ƙusa kamar wutsiyoyin ɓeraye, tukunya kuwa tana kan risho tana ɓararraka tun safe. Da ƙuruciya tuƙi ya so, amma ranar farko ya zura motar koyo a kwata, sai ya dawo ya rungumi turmin kakansa. Maɗaci ake ce masa, don a wurinsa maganin da bai yamutsa fuska ba, ruwa ne kawai.

Shi da mai kayan marmari kullum sai sun taɓa. "Abincin birai," haka yake kiran gwaba da lemo.

Wata shekara 'yarsu da ke aure a nesa ta karye a ƙafa, matarsa ta tafi jinya. Wata huɗu Maɗaci yana ciyar da kansa: shayi da burodi da safe, farar shinkafa da mai da rana, da yamma a koma wa shayi. Har yana cika baki wai ashe girki ba wani aiki ba ne.

Sai kasala ta sauko masa. Gwiwoyi suka ɗau ciwo, ƙwaurinsa ya yi ɗigo-ɗigon jini a kwance, dasashi ya kumbura, in ya gatsa burodi sai ya ga ja. Ya dafa sassaƙe, ya dafa saiwa, ya haɗa su ya ƙara wuta. Ya sha ɗaci har mai takalmi ya ce fuskarsa ta koma tsohon kambas. Shiru kake ji.

Ranar da matarsa ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta ƙura masa ido.

"Malam, buɗe bakinka."

"Lafiyata ƙalau," ya ce, leɓe a rufe.

"Shekara arba'in ina shan surutunka, yau kuma da hanci kake magana? Buɗe."

Ya buɗe. Ta yi salati, ta ce gobe sai asibiti. Wanzami dai ba ya son jarfa. A layin ganin likita Maɗaci ya ja hula har gira, kada wani mai sayen maganinsa ya gane shi.

Likitar, sa'ar 'yarsa, ta duba baki da ƙafa, ta tambayi abin da yake ci. Matarsa ce ta amsa, har da ƙari.

"Baba, bitamin C ne ya ƙare a jikinka," in ji likita. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce ya dage da gwaba, lemo, ɗanyen tattasai da ganye.

"Ganye? Ai ni ne gidansa! Awa uku nake dafa shi."

"To a nan kake kashe shi, Baba. Wuta ba ta rage masa komai."

Maganar nan ta fi ciwon yi masa zafi.

A gida matarsa ta turara zogale sama-sama, ta matsa masa lemon tsami. Gwaba kuwa ta ce ba za ta aiku ba, wanda ya yi zagi shi zai je saye. Ya yi kwana biyu yana kewaye teburin maƙwabcin, a na uku ya tsaya yana kallon sama.

"Ba ni shida. Na wani majinyaci ne."

Mai kayan marmari ya zaɓo nunannu, ya ƙara ɗaya gyara, ya ce, "Allah ya ba birin lafiya."

Mako biyu jini ya tsaya. Kafin wata ya cika yana taka bene ba nishi. Tun daga nan, kafin ya buɗe kwalba sai ya tambayi mutum me ya ci jiya da shekaranjiya. Mai kumburin dasashi kuwa asibiti yake tura shi, ya ce ya biya ta teburin maƙwabci a hanya.

Yanzu duk baƙon da ya zo gida sai ya ji yadda Maɗaci ya gano sirrin ɗanyen ganye bayan dogon bincike. Matarsa takan ci gaba da tsintar shinkafa, ta ce, "Ƙwarai kuwa. Ni na riƙe maka katin asibiti ranar binciken."