Gonar baffana da na kai gaban malamai

Lokacin da abin ya faru ni saurayi ne mai rawar kai, ɗan wani ƙauye kusa da Filinge, ina shekarar ƙarshe ta karatun sosiyoloji, wato ilimin zaman jama'a, a Yamai. A gida ba wanda ya gane abin da nake karantawa. Baffana, ƙanen mahaifina da ya riƙe ni tun ina maraya, kullum sai ya tsokane ni, wai ƴaƴan mutane za su fito likitoci, ni kuwa zan fito sarkin tambaya. Ina dariya, amma abin yana cina.

Da aka ce kowa ya zaɓi batun memuwar, littafin binciken kammala karatu, sai na ɗauki aron gona a ƙasarmu ta Kurfai. Na zo hutu na dami tsofaffi da tambaya, kowa ya kauce. Baffana ne ya ji tausayina. Muna noma a gonarmu ta gindin gawo ya gaya mini ita ma aro ce. Kakanmu ya karɓe ta daga wani gida a kan damen hatsi kowace kaka, aka daina kai damen tun kafin a haife ni, masu ita ma suka manta. Bai ce in kama bakina ba, don bai zaci ɗan gida sai an gaya masa haka ba.

Na sa labarin gonar a littafin, na canza sunaye kamar yadda aka koya mana, amma na bar gawon, na bar tsohuwar rijiyar da ke gabas da shi. Ranar da zan kare littafin gaban malamai, don son a sani, na gayyato duk ƴan garinmu mazauna Yamai. Na zuba labarin tiryan-tiryan, malamai suna gyaɗa kai. Cikin baƙin nan har da jikan wancan gidan, kuma ya fi kowa tafa mini.

Kafin damina ta zagayo magana ta kai gaban mai gari. Aka ce baffana ya rantse gonar gado ce, ya ce ba zai rantse a kan ƙarya ba. Aka karɓe ta. Yanzu wani fako yake nomawa can nesa da gari, da tsufansa.

Karatun ya ba ni aiki, ba zan ɓoye ba. Poroje-poroje, wato ayyukan ƙungiyoyin agaji, suna neman irinmu, yau ina Abala wajen ƴan gudun hijira, gobe ina Bonkuku ina sasanta manoma da makiyaya. Ana cewa ina da ƙwazo. Ba ƙwazo ba ne, zama wuri ɗaya ne ba na iyawa. Duk inda na ga gawo cikin gona sai in kawar da kai.

Ƙannena masu son wannan karatu, ku yi shi, yana da hanya. Amma ku sani, abin da aka gaya maka don kai ɗa ne, ba naka ba ne da za ka kai aji, kuma canza suna ba ya ɓoye gona ga ɗan gari. Baffana bai taɓa yi mini faɗa ba, da ma ya yi. In na je gida yakan matsa mini a tabarma, ya tambayi hanya. Daga nan duk hirar da ake yi sai ta koma ta ruwan sama, har in tashi.